Jita da Man Takalmi a Bikin Yohanna

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina yanzu, har sunayen jikokina wani lokaci sai na laluba, amma ba zan taɓa mantawa da ranar bikin abokina Yohanna a Bolari ba, ranar da na fita gaban jama'a da sabuwar jitata. Bari in ba ku labarin da bakina, don na gaji da jin yadda wasu ke ƙara masa gishiri.

Lokacin ina saurayi, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, ina koyarwa a wata firamare a Jekadafari, a cikin garin Gombe. Shekarar ce gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas. Arzikin man fetur ya shigo ƙasa, kan kowa ya ɗau zafi. A makarantarmu wannan ya sayi babur, wancan ya sayi rediyo mai kaset, hedimasta ya yi wa gidansa rufin kwano. Ni kuwa, da yake Allah ya yi ni da nawa irin hankalin, jita na sayo.

Yohanna ne ya ja min. Mutumin Kaltungo ne, shi ke koyar da lissafi, kuma yana da wata tsohuwar jita da yake kaɗawa a cocinsu. Idan an fita tara, sai ya zauna a gindin dogon yaron da ke bakin ofis ya ɗan taɓa ta, kafin ka ce me, malamai sun kewaye shi. A cikin masu kewayewar akwai Malama Habiba, mai koyar da girki da ɗinki, wadda tun zuwanta makarantar ban iya yi mata magana ta wuce "ina kwana" ba. Wata rana Yohanna ya gama kiɗa, ta tafa ta ce, "Kai! Hannun da ya iya wannan abu ai ba ƙaramin hannu ba ne."

Na dubi nawa hannun, duk alli. A nan take na yanke shawara.

Akwai wani kanti kusa da tashar jirgin ƙasa da ke sayar da rediyo da faifan garmaho. A can na gan ta rataye a bango, gabanta launin zuma, bayanta ruwan ƙasa mai duhu, tana ta ƙyalli. Da mai kantin ya sauko da ita ya ja yatsa a kan tsirkiyoyin, sai na ji ƙarar har cikin cikina. Ko tayi ban tsaya yi ba (abin da har yau idan na tuna nake jin haushin kaina). Na goya ta a baya da igiya, na hau kekena, na biyo ta tsakiyar gari da gangan, alhali akwai hanya mafi kusa. Masu shaguna suna leƙowa, direbobin tasha suna ɗaga min hannu, wani ya ƙwala min kira, "Malam, a ɗan taɓa mana!" Na ɗaga masa hannu irin na manya na wuce. Ko kama ta daidai ban iya ba a ranar.

A gidan Goggona nake zaune, ƙanwar mahaifina, mace mai bakin da ba ya ajiye magana. Ta ajiye muciya ta zagaya jitar tana kallo.

"Wannan kuma molon ina ne, mai ƙugu kamar mace?"

"Jita ce, Goggo. Ta Turawa."

"To. 'Yan uwanka suna sayen abin hawa, kai ka sayo abin da zai hau ka." Ta koma kan tukunyarta.

Ban damu ba. Ɗoki ya riga ya toshe min kunne. Sabon zanen gadona na cire na naɗe ta a ciki. Gefen gadon da ke jikin bango na bar mata, ni na takure a baki. Kafin in taɓa ta sai na wanke hannu da sabulu, abin da ko tuwo ban cika yi wa ba. Idan na tashi da safe ita nake fara dubawa, in hura mata iska, in goge wurin da babu datti. Wata rana ƙuda ya sauka a kanta, na bi shi har zaure.

Koyo kuwa, na sha wuya. Kan yatsuna suka yi bororo, suka fashe, suka yi kanta, har riƙe alli ya zama aiki. Yohanna mutum ne mai haƙuri. Bayan an tashi makaranta zai zaunar da ni ya jera min yatsu ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Danna sosai, Malam, ba za ta cije ka ba." A hankali na iya kamu uku, ina sauyawa daga wannan zuwa wancan kamar mai tsallaka kwata da kaya a ka. Ranar da na fara jin abin da nake kaɗawa ya yi kama da waƙa, sai da na fita tsakar gida na yi tsalle, kajin Goggo suka watse.

Abu ɗaya ne ya gagare ni: saita tsirkiyoyi. A can saman wuyan jitar akwai 'yan ƙarafan da ake murɗawa, Yohanna yana kiransu kunnuwa. Shi zai murɗa kaɗan, ya karkata kai ya saurara, ya ce "yawwa". Ni kuwa duk ɗaya nake ji. Don haka kullum shi ke saita min, ni nawa kaɗawa.

Ana cikin haka bikinsa ya taso. Zai auri Rahila, wata nas, kuma za a yi liyafa a gidan iyayenta a Bolari bayan an fito daga coci. Ni da bakina na ce masa, "Ango ba ya kiɗa a bikinsa. Bar min wannan."

Ya dube ni. "Ka tabbata?"

"Har waƙa na tsara muku."

"To shi ke nan," in ji shi, "Allah ya taimake mu."

Labari ya zaga makaranta. Malama Habiba da kanta ta tsayar da ni a baranda ta ce, "An ce kai ne makaɗin biki. Zan zauna a gaba." Ban san amsar da na ba ta ba. Na dai san ajin da na shiga bayan nan ba nawa ba ne.

Ana jibi biki Yohanna ya saita min jitar tsaf, ya miƙo min, ya ɗaga yatsa. "Ka ji ni da kyau. Kada ka taɓa kunnuwan nan. Kada ka bar ta a rana. In za ka goge ta, busasshen ƙyalle kawai." Na ce masa haba, sai ka ce yaro. (Ku riƙe waɗannan gargaɗi uku, don babu wanda ban karya ba.)

Ranar Asabar, ranar bikin, na tashi da wani irin farin ciki, ina ta rera waƙata a banɗaki. Na warware zanen gado don in yi mata kallon ƙarshe, sai idona ya faɗa kan wani ɗan karce a bayanta, inda kan bel ɗina ke gogarta. Ɗan siriri ne, bai kai tsawon ashana ba, kuma a bayan jita yake, inda cikina zai rufe. Amma a idona ya zama kamar rami. Ina cikin juyayi sai na hango gwangwanin man takalmina mai ruwan ƙasa a kan taga. Kala ɗaya sak!

Na lakato kaɗan na shafa. Karce ya ɓace. Wurin ma ya fi ko'ina ƙyalli, har sauran bayan ya zama kamar ya dushe. Sai na ce bari in daidaita. Na shafe bayan gaba ɗaya. Sai gefuna suka zama abin tausayi, na bi su. Kafin in ankara na kusa ganin gindin gwangwani, kuma ban yi ƙwauro ba, lafta shi na yi kamar mai yaɓen ɗaki.

Da jiki ya yi kyau haka, sai tsirkiyoyin suka fara ba ni kunya, duk gumin hannu ya sa sun yi duhu. Na tuna yadda Goggo ke sa tasoshinta ƙyalli da toka da lemon tsami. Na murɗe kunnuwan nan duka, na zare tsirkiyoyin, na zauna bakin murhu ina dirza. Goggo ta fito ta tsaya a kaina.

"Yau kuma hanjin molon ka fitar?"

"Gyara nake yi, Goggo."

"Da can ya lalace ne?"

Na ci gaba da dirza, don a ganina tambayar mutanen da ce.

Saura man ya bushe. To, ina ake shanya takalmi in an shafa masa mai? A rana. Na taka turmi na ɗora jitar a kan rufin kwanon kicin, a tsakiyar bazarar Gombe, na tafi wurin aski hankalina kwance. Daga can na biya wurin mai guga na karɓo kayana. Sai wajen azahar na sauko da ita, da zafi kamar burodin da aka ciro daga tanda, har sai da na sa tsumma na riƙe. Na mayar da tsirkiyoyin yadda na ga dama, na yi ta murɗa kunnuwa har kowace ta yi tsam kamar igiyar shanya. A lissafina, iyakar taurin tsirkiya iyakar ƙarfin sauti, kuma wurin biki ai ana son sauti. Lokaci ya ƙure, ban ko gwada ba. Na naɗe ta a zanen gado na ɗaura a baya.

Bari in gaya muku shigar da na yi, don ku san daga inda na faɗo. Farar riga mai dogon hannu, kwalarta kamar fukafukin shirwa. Farin wando mai faɗin ƙafa wanda ke share hanya. Takalmi mai tudu. Gashi na taje shi ya tashi sama kamar kabewa. Sannan baƙin tabarau. Da na dubi madubi, wallahi sai da na gaida kaina.

Gidan biki ya cika ya batse. An kafa rumfunan zana, an jero bencina daga makaranta, an rataye lasifika a jikin bishiya an haɗa ta da batirin mota. Dangin ango sun zo daga Kaltungo mota guda, ga ma'aikatan asibiti, ga malamanmu. Ga Malama Habiba a bencin gaba kamar yadda ta faɗa, da gyale ruwan hoda. Na samu wuri na zauna, na zare zanen gadon a hankali yadda kowa zai gani, na rungume jitar a ƙirjina ƙam, don kada wani ya goge ta.

Sai aka shiga jawabai. Kawun ango ya yi, aka fassara. Kawun amarya ya yi, aka fassara. Wani dattijo ya tashi ya ce shi ba mai dogon bayani ba ne, ya fara daga ranar da aka haifi Rahila. Ni dai ina zaune, gumi yana bin bayana, jita tana manne da cikina. Ina jin wani ɗan wari yana tasowa, amma na ɗauka takalman mutane ne.

Mai gabatarwa shi ne Bitrus, yayan amarya, wani dogo mai barkwanci. Can sai na ji ya ce, "Jama'a, yanzu kuma ga abin da ba a taɓa yi a Bolari ba! Abokin ango, makaɗin zamani, takanas daga Jekadafari!" Aka ɗau tafi. Na taso ina taku ɗai-ɗai, jita a ƙirji, aka ajiye min kujera a tsakiyar fili. Bitrus ya durƙusa ya saita makirfo daidai bakin ramin jitar. Na gyara tabarau. Na saci kallon bencin gaba. Na jera yatsuna, na ɗaga hannu sama, na sauke.

Kun taɓa jin an zubar da kwanuka a cikin rijiya? To, ku haɗa da kukan akuyar da ta maƙale a dangan kara, sannan ku sa a lasifika. Wani jariri ya fashe da kuka. Bitrus ya janye kansa kamar an watsa masa ruwa.

Na yi murmushi irin na gwanaye, na ce a makirfo, "Gwaji ne." Na dubi teburin ango. Yohanna ya zaro ido, yana juya hannunsa a iska, yana yi min alama. Yau na san cewa yake in sassauta. A ranar kuwa na ɗauka cewa yake in ƙara. Na kama kunne na murɗa. Na kama na biyu na murɗa. Na ji jitar ta yi wani ɗan ƙara a cikina, ƙiƙiƙ, kamar tsohuwar ƙofa. Yohanna ya miƙe tsaye. Na ce a raina, ka ga, har ango ya tashi don murna. Na ƙara murɗawa.

A fuskar jita, ƙasa da ramin, akwai ɗan katakon da ke riƙe da gindin tsirkiyoyi, irin wanda masu garaya ke kira jaki. Da gam aka manna shi, kuma zafin ranar da ta sha a kan kwano ya riga ya narkar da gam ɗin. Ni ban san wannan ba sai da jakin ya yi tutsu.

Ƙwas!

A lasifika ƙarar ta fita kamar harbi. Wani kawun amarya, tsohon soja, sai ganinsa aka yi a ƙarƙashin benci. Jakin ya taso da tsirkiyoyinsa duka ya make ni a goshi, ya fizge tabarau ya yar a ƙasa, sannan ya koma yana lilo a wuyan jitar. Wuri ya yi tsit, sai kukan lasifika kawai. Don ruɗewa na sunkuya na ɗauki tabarau na mayar a fuska, ban lura gilashi ɗaya ya fita ba. Haka na zauna ina kallon jama'a, ido ɗaya a rufe, ɗaya a waje.

Har a nan mutane sun daure. Wasu ma "sannu" suke cewa. Da na tsaya a zaune, da wataƙila an tausaya min an wuce wurin. Amma sai na ga ya dace in miƙe in rusuna, in fita da mutuncina. Na miƙe. Na janye jitar daga jikina, na ji ta ɗan yi nauyin rabuwa da rigar, kamar ana ɓare takarda daga bango.

Wata mata ce ta fara, daga can baya, da wata irin dariya mai kama da shaƙuwa. Sai ta bazu. Na dubi jikina. Tun daga ƙirjina har cinyoyina, a kan farar riga da farin wando, ga hoton jita nan ruwan ƙasa, cikakke, da kafaɗunta da ƙugunta, kamar an buga min hatimi.

Bitrus ya ɗago makirfo, ya dube ni sama da ƙasa, ya share hawaye ya ce, "Jama'a, kada kowa ya yi baƙin ciki. Uwar ta rasu, amma Allah ya sa ta haihu kafin ta cika!"

Wurin ya kece. Amarya ta kifa kai a kan tebur, mayafinta yana rawa. Tsohon sojan nan ya fito daga ƙarƙashin benci yana tambaya me ya faru, aka nuna masa ni, ya koma ya zauna a ƙasa. Na waiga bencin gaba ta gefen da babu gilashi. Malama Habiba ta cusa fuska a cikin gyale, kafaɗunta sai girgiza suke yi.

Na nufi inda na ajiye keke, in tsere. Ashe waɗanda suka zo bayana sun jingina nasu a kan nawa, sun yi tuli. Haka na tsaya a gaban kowa ina ɗaga kekunan mutane ɗaya bayan ɗaya, da jita a baya da jita a gaba.

A nan Yohanna ya same ni, cikin kwat ɗinsa ta ango. Ya karɓi jitar ya juya ta, ya kai hanci ya shinshina.

"Malam, man takalmi ne wannan?"

"Karce ne na gani..."

"Ka sa ta a rana?"

"Don ya bushe."

"Ka taɓa kunnuwan?"

Na shiga gyara tabarau. Ya dafa kafaɗata, yana so ya yi magana dariya ta hana shi. Da ƙyar ya ce, "Ka san tun safe dangina da na Rahila ba sa kallon juna, saboda rigimar wa zai zauna a babban tebur? Dube su yanzu." Na duba. Ga su can sun cakuɗe, wannan yana riƙe da wancan, ana kwaikwayon yadda na miƙe. Matan Kaltungo suka ɗauko waƙarsu da tafi, fili ya cika da rawa. "Zo ka ci shinkafa," in ji shi. "Ka riga ka yi aikinka."

Ban ci ba. Na koma gida ta lunguna. Goggo ta ga rigata ta buɗe baki, sai kuma ta rufe. A iya zamana da ita, ranar ce kaɗai na ga magana ta gagare ta.

Ranar Litinin na so in ce ba ni da lafiya, amma na daure na je. Ina shiga ofishin malamai aka miƙe tsaye ana yi min barka da haihuwa. Na sunkuyar da kai na wuce kujerata. Da aka watse, Malama Habiba ta zo ta tsaya a gaban teburina, tana ta cije leɓe.

"Malam, yaya mai jego?"

"Malama, ki yi min rai."

"Kada ka sa wa rigar nan ruwan zafi, zai kama. Kananzir ake fara sa wa. Kai, bari ma, kawo ta gobe, na ga alama in an bar ka da ita wani abin za ka shafa mata."

Na kai mata. Da ta gama ta ce ba za ta ɗauko kayan namiji zuwa makaranta ba, sai dai in je gidansu a Manawashi in karɓa. Na je, na gaida mahaifinta, wanda ashe labari ya riga ya kai masa, don yana ganina ya ce, "A'a, kai ne makaɗin?" Tabon bai fita duka ba, Malama Habiba ta ce in dawo wani mako ta sake gwadawa. Wani makon ma bai fita ba. Muka yi ta gwadawa har manya suka gaji suka sa rana.

Jitar kuwa, Yohanna ya kankare man, ya mayar da jakin da gam, ya ɗaure ta ya ajiye a ɗakinsa inda hannuna ba zai kai ba har ta kama. Ta ci gaba da kiɗa, ko da yake muryarta ta ɗan shaƙe. Daga baya ma na iya saita ta da kaina. Sai dai a bikinmu, sharaɗin amarya na farko shi ne a bar ta a gida.

Abin da na koya? Sabon abu ba ya tsoron ɓarawo kamar yadda yake tsoron mai shi idan ɗoki ya kama shi. Yanzu in na sayi wani abu, na ji hannuna yana ƙaiƙayin ƙara masa kyau, sai in zauna a kan hannun har ƙaiƙayin ya wuce. In kuma wanda ya san abu ya ce min "kada", ba na cewa "sai ka ce yaro". Sannan ga wadda nake ba kowane saurayi kyauta: duk ranar da ka ji a jikinka cewa yau za ka burge duniya, to, ka taimaki kanka, ka sa riga mai duhu.